Yadda ake warware ikweshan ɗin kwadiratik ta hanyar fakta, daga tushe

Abin da ke ba ni takaici game da wannan darasin shi ne yawancin ɗalibai haddace shi suke yi, a ce nemo lambobi biyu, buɗe baka biyu, juya alama, shikenan an gama, amma ka tambayi mutum me ya sa aka juya alamar sai ya yi shiru. Shi ya sa da an ɗan sauya fasalin tambayar a jarabawa sai komai ya rushe. Alhali abin gaba ɗayansa a kan dalili guda yake tsaye, in ka riƙe dalilin nan sauran duk aikin hannu ne.

Da farko mu san abin da muke magana a kai. Ikweshan ɗin kwadiratik shi ne wanda mafi girman ƙarfin x a cikinsa 2 ne, wato akwai x² kuma babu x³ ko sama da haka. Siffarsa ta asali ita ce ax² + bx + c = 0, a da b da c lambobi ne, sharaɗi ɗaya kawai kar a ta zama sifili, don in a sifili ce x² ya ɓace kenan ka koma ikweshan na yau da kullum.

Dalilin da komai ya rataya a kai

Ɗauki lambobi biyu ka ninka su, amsa ta fito sifili. Me za ka iya cewa game da su? Dole ɗaya daga ciki sifili ce, ko kuma dukansu biyun. Babu wata hanya, gwada ka gani, 7 sau wani abu ba zai taɓa ba ka 0 ba sai dai in abin nan 0 ne. To sifili kaɗai ke da wannan halin. In na ce maka lambobi biyu na ninka na samu 12, ba ka san komai ba, za su iya zama 3 da 4, 2 da 6, 24 da rabi, ba iyaka.

Saboda haka duk wahalar da muke sha ta faktorayizin don abu ɗaya ne, mu mai da ax² + bx + c ya koma abu sau abu, ga sifili a ɗaya gefen, sai mu ce to ko wannan bakan sifili ne ko wancan. Ikweshan ɗaya mai wuya ya koma ƙanana guda biyu masu sauƙi. Ana yawan danganta wannan dabarar ta kallon ikweshan a matsayin faktoci da aka ninka ga Thomas Harriot na Ingila, wanda aka buga aikinsa a 1631 bayan rasuwarsa.

Mataki na farko: gyara ikweshan ɗin kafin ka taɓa shi

Kwashe komai ka kai gefe ɗaya, ɗaya gefen ya zama 0, ka jera x² a gaba, sai mai x, sai lambar da take ita kaɗai. In an ba ka x² + x = 30, ka mai da shi x² + x − 30 = 0 tukunna.

Sannan ka duba ko akwai lambar da ke shiga cikin duka ukun. Misali 3x² − 12x − 36 = 0, ai 3 tana shiga ko'ina, raba duka da 3 ka samu x² − 4x − 12 = 0, kaga aiki ya ragu sosai. In kuma x² ɗin mainos ke gabansa kamar −x² + 5x + 14 = 0, ninka komai da −1 ya koma x² − 5x − 14 = 0, duk alamomi ake juyawa fa, ba ta farkon kaɗai ba. In akwai firakshin, kamar x²/2 + x − 4 = 0, ninka duka da 2 ka rabu da shi, ya zama x² + 2x − 8 = 0.

Mataki na biyu: idan x² shi kaɗai ne babu lamba a gabansa

Mu ɗauki x² + 9x + 20 = 0. Muna neman lambobi biyu da in an ninka su za su ba da 20, in an tara su za su ba da 9. Me ya sa haka? Buɗe (x + p)(x + q) da hannunka ka gani, za ka samu x² + px + qx + pq, wato x² + (p + q)x + pq. Kenan ta tsakiyar jimillarsu ce, ta ƙarshen kuma abin da suka bayar ne da aka ninka su. Ba wata doka ce da aka ƙaƙaba mana ba, buɗe baka ne kawai ake yi da baya da baya.

Shawarata kullum ka fara da ninkawar, kar ka fara da tarawar, don lambobin da za su taru su ba da 9 ba su ƙirguwa amma masu ba da 20 in an ninka ƴan kaɗan ne: 1 da 20, 2 da 10, 4 da 5. Jimillarsu 21, 12, 9. To ga ta nan, 4 da 5.

(x + 4)(x + 5) = 0

Yanzu dalilin nan namu ya shigo. Ko x + 4 = 0 wanda ke ba da x = −4, ko x + 5 = 0 wanda ke ba da x = −5. Kaga inda juyawar alamar ta samo asali, 4 ɗin ce ta tsallaka ɗaya gefen ta zama −4. Ka riƙa rubuta wannan layin na x + 4 = 0 ɗin kar ka tsallake shi, don nan gaba in ka haɗu da irin 2x + 5 wanda ya saba juya alama kawai da ka zai rubuta −5, amsar kuwa −5/2 ce.

Maganar alamomi kuma a nan gizo ke saƙar, amma da ka kalli alamar c da ta b sun riga sun gaya maka rabin amsa. In c fulos ce, lambobin biyu alamarsu iri ɗaya ce, kuma b ce za ta faɗa maka wacce. Dubi x² − 11x + 24 = 0, c fulos, b mainos, kenan duka biyun mainos ne. Masu ba da 24: 1 da 24, 2 da 12, 3 da 8, 4 da 6. Mai jimillar 11 ita ce 3 da 8, sai mu ce −3 da −8, (x − 3)(x − 8) = 0, x = 3 ko x = 8.

In kuma c mainos ce, to alamominsu sun saɓa, ɗaya fulos ɗaya mainos, kuma yanzu bambancinsu kake nema ba jimilla ba, babbar cikinsu ita ke ɗaukar alamar b. Misali x² − 2x − 35 = 0, masu ba da 35 su ne 1 da 35 sai 5 da 7, bambancin 5 da 7 shi ne 2, b mainos ce saboda haka 7 ce za ta ɗauki mainos. (x − 7)(x + 5) = 0, x = 7 ko x = −5.

Akwai wani misali mai tarihi da nake son a gwada a nan. Muhammad bin Musa Al-Khwarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun wajen shekara ta 820, ya kawo tambayar da a rubutunmu na yau take x² + 10x = 39, shi da kalmomi ya rubuta ta babu x babu alamomi. Hanyarsa ita ce ɗauki rabin 10 wato 5, ninka ta da kanta 25, ƙara a kan 39 ya zama 64, tushensa 8 (wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 64), cire 5 saura 3. Mu kuma da fakta: x² + 10x − 39 = 0, masu ba da 39 su ne 1 da 39 sai 3 da 13, bambancin 10 yana wajen 3 da 13, b fulos ce sai 13 ta ɗauki fulos, (x + 13)(x − 3) = 0. Mun samu 3 ɗinsa, mun kuma samu −13 wadda shi bai lissafa ta a matsayin amsa ba don a aikinsa lambobin ƙasa da sifili ba sa cikin lissafi.

Mataki na uku: idan akwai lamba a gaban x²

Nan ne mutane da yawa ke sarewa, kuma gaskiya bai kai haka ba, ƙarin layi biyu ne kawai. Akwai masu yin cinke, su buɗe baka biyu su yi ta gwada lambobi har a dace, wannan yana aiki in lambobin ƙanana ne amma da sun girma ɓata lokaci ne. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta fasa ta tsakiya gida biyu.

Mu fara da 2x² + 7x + 3 = 0. Ninka a da c, 2 sau 3 shi ne 6. Yanzu nemi lambobi biyu masu ba da 6 in an ninka, 7 in an tara, 6 da 1 kenan. Amma kar ka yi gaggawar rubuta (x + 6)(x + 1), wannan na wani ikweshan ne daban, buɗe shi ka gani ba zai ba ka 2x² ba. Abin da za ka yi da su shi ne ka fasa 7x ta koma 6x + x:

2x² + 6x + x + 3 = 0

Sai ka raba su biyu biyu. A na farko 2x² + 6x, abin da suka haɗa shi ne 2x, fito da shi ka samu 2x(x + 3). A na biyu x + 3 kamar babu abin da suka haɗa, amma akwai, 1 ce, rubuta ta ƙiri ƙiri 1(x + 3), wannan 1 ɗin in ba a rubuta ta ba ita ce ke ɓata a layi na gaba.

2x(x + 3) + 1(x + 3) = 0

Baka biyun sun fito iri ɗaya, wannan ita ce shaidar kana kan hanya. Fito da (x + 3) waje, abin da ya rage 2x da 1 su haɗu a nasu bakan: (x + 3)(2x + 1) = 0. Kenan x = −3, ko 2x + 1 = 0 wanda ke ba da 2x = −1, x = −1/2.

Yanzu mai ɗan nauyi: 6x² + 7x − 20 = 0. 6 sau −20 shi ne −120, mainos ce saboda haka bambanci muke nema, bambancin 7. Jero su a tsare kar ka yi ta tsalle tsalle: 1 da 120, 2 da 60, 3 da 40, 4 da 30, 5 da 24, 6 da 20, 8 da 15, 10 da 12. Ka lura bambancin yana raguwa yayin da kake gangarowa, tunda 7 ƙarama ce ka san amsar tana wajen ƙarshen jerin ba sai ka tsaya a na farkon ba. 8 da 15 ne, b fulos, sai +15 da −8.

6x² + 15x − 8x − 20 = 0

3x(2x + 5) − 4(2x + 5) = 0

Tsaya a wannan layin ka kalle shi da kyau, don a nan ake yawan faɗuwa. Daga −8x − 20 mun fito da −4, kuma −20 a raba da −4 fulos 5 ne, shi ya sa cikin bakan ya zama 2x + 5. Wanda ya rubuta −4(2x − 5) zai ga bakansa biyu sun ƙi zama iri ɗaya, in hakan ta faru da kai kar ka goge komai, koma kan alamar nan tukunna, kusan kullum ita ce.

(2x + 5)(3x − 4) = 0, x = −5/2 ko x = 4/3.

Wani zai ce to in na fara rubuta −8x kafin 15x fa? Babu komai. 6x² − 8x + 15x − 20 zai ba ka 2x(3x − 4) + 5(3x − 4), ƙarshenta wuri ɗaya za ku sauka. Ga mai son sanin me ya sa ake ninka a da c, buɗe (px + q)(rx + s), ta tsakiya za ta fito ps + qr, in ka ninka ps da qr ka samu pqrs, haka ma in ka ninka pr wadda ita ce a da qs wadda ita ce c, pqrs ɗin dai za ka samu.

Masu siffa ta musamman

In babu c, kamar 5x² = 15x, zuciya za ta ce maka raba duka da x ka huta, ka samu x = 3. Don Allah kar ka yi, ka jefar da amsa guda kenan, don x = 0 ma amsa ce, kuma rabawa da x tamkar ka yanke hukuncin cewa x ba sifili ba ne alhali ba wanda ya gaya maka haka. Da lamba ake rabawa, da x kuwa fito da shi ake yi: 5x² − 15x = 0, 5x(x − 3) = 0, x = 0 ko x = 3.

In babu b kuma biyun da suka rage cikakkun sikwaya ne (wato abin da ake samu in an ninka abu da kansa) da mainos a tsakani, kamar 4x² − 49 = 0, kai tsaye (2x − 7)(2x + 7) = 0, x = 7/2 ko −7/2. Amma sai da mainos fa. x² + 9 = 0 ba ya fasuwa haka, don duk lambar da ka ninka da kanta a lambobin da muka saba ba za ta ba da −9 ba.

Wani lokaci kuma baka biyun su fito iri ɗaya sak, x² − 12x + 36 = 0 ya ba ka (x − 6)(x − 6), to amsa ɗaya ce x = 6 da ta maimaita kanta, ba kuskure ka yi ba.

Sai tarkon da na fi so a yi hattara da shi: (x − 2)(x − 3) = 12. Mutum ya ga an riga an yi masa faktorayizin sai murna, ya ce x − 2 = 12, x = 14. Mayar da 14 ɗin ka gani, 12 sau 11 shi ne 132, ina 132 ina 12. Ai tun farko mun ce wannan halin na sifili ne kaɗai. Dole ka buɗe bakan ka kawo 12 wannan gefen, x² − 5x + 6 − 12 = 0, wato x² − 5x − 6 = 0, (x − 6)(x + 1) = 0, x = 6 ko −1. Gwada 6: 4 sau 3, 12. Gwada −1: −3 sau −4, 12. Yauwa.

Tabbatar da amsa

Wannan darasin yana cikin ƴan kaɗan da za ka iya sanin ka ci ko ba ka ci ba kafin malami ya duba, abin takaici ne a bar wannan damar. Mayar da amsar cikin ikweshan ɗin asali wanda aka ba ka, ba wanda ka gyara ba, don in a wajen gyaran ka yi kuskure na gyaran ba zai tona shi ba. In amsoshin firakshin ne kuma mayarwar za ta ci lokaci, akwai gajeriyar hanya da ake kira da sunan François Viète na Faransa wanda ya rasu a 1603: jimillar amsoshi biyun dole ta zama −b/a, in an ninka su kuma c/a. A na 6x² + 7x − 20, 4/3 da −5/2 in an tara 8/6 − 15/6 ne wato −7/6, daidai. In an ninka −20/6, shi ma daidai.

In tambayar ta labari ce sai ka ƙara duba ko amsar ta yi ma'ana. A ce wani fili mai kusurwa huɗu tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 5, girmansa kuma sikwaya mita 84. Faɗi x, tsawo x + 5, x(x + 5) = 84, x² + 5x − 84 = 0, (x + 12)(x − 7) = 0. A lissafi −12 da 7 duk amsa ne amma faɗin fili ba ya zama −12, sai ka rubuta cewa ka ajiye ta saboda wannan dalilin, faɗi 7 tsawo 12.

Yaushe za ka haƙura da fakta

Ba kowane kwadiratik ke fasuwa da lambobi masu tsafta ba, a zahiri in ka zaɓi a da b da c da ka yawancinsu ba za su fasu ba, na littattafan makaranta zaɓo su aka yi. Maimakon ka zauna minti goma kana neman lambobin da babu su, lissafa b² − 4ac. In ya fito cikakken sikwaya irin 0, 1, 4, 9, 16, 25 da sauransu, zai fasu, ci gaba da nema. In fulos ne amma ba cikakken sikwaya ba, kamar x² + 4x + 1 da ke ba da 16 − 4 = 12, akwai amsa amma sai da fomula ko cike sikwaya, wato hanyar nan ta Al-Khwarizmi. In mainos ne kamar x² + 3x + 5 da ke ba da 9 − 20 = −11, babu amsa a lambobin da muka saba.

Kuma ga wani abu mai daɗi, tushen wannan lambar ta b² − 4ac shi ne tazarar da ke tsakanin lambobi biyun da kake nema. A na 6x² + 7x − 20, 49 + 480 = 529, tushensa 23, daga −8 zuwa 15 kuwa 23 ne cif. Kenan in lambobin sun ɓuya maka, tara b da tushen ka raba biyu, (7 + 23)/2 = 15, cire ka raba biyu, (7 − 23)/2 = −8, ka same su ba tare da jero faktoci ba.

Ga na gwaji, rufe amsoshin ka yi su a takarda da biro, karantawa kaɗai ba ta sa hannu ya saba:

x² + 8x + 15 = 0

x² − x − 56 = 0

3x² − 10x + 8 = 0

9x² = 25

7x² + 21x = 0

(x + 1)(x + 4) = 10

x² + 6x + 7 = 0

Na farko −3 da −5, na biyu 8 da −7, na uku 2 da 4/3, na huɗu 5/3 da −5/3, na biyar 0 da −3, na shida 1 da −6. Na ƙarshen da gangan na sa shi, 1 da 7 kaɗai ke ba da 7 kuma jimillarsu 8 ce ba 6 ba, b² − 4ac ɗinsa 36 − 28 = 8 wanda ba cikakken sikwaya ba ne. Shi sai a bi da shi ta hanyar Al-Khwarizmi, rabin 6 shi ne 3, sikwayarsa 9, x² + 6x + 9 = 2, (x + 3)² = 2, amsa x = −3 + √2 ko x = −3 − √2.